Farin Gida ko Gidan Agogo

"Babanki ya ce a'a. Ki rungumi ƙaddara, wannan magana ta mutu."

Gwaggo Luba ce ta faɗa, tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Rufaida tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, dawowarta ke nan daga firamaren da take koyarwa.

"Gwaggo, a'a kamar yaya? Ya ji abin da Tajuddeen ɗin yake yi kuwa?"

"Ya ji mana. Aikin otal. Akwai sauran bayani bayan wannan? 'Yar Malam Dallatu, limamin unguwa guda, a ce an ba wa ɗan otal? Haba Rufaida! Ranar Lahadi manyan Badaru za su zo gaisuwar nema masa aurenki, tun yanzu ki fara gyara fuskarki."

Rufaida ta shige ɗaki ta faɗa kan katifa da takalmi a ƙafarta.

Wanda bai san ƙauyen Ɗorawar Liman ba zai ce, to me ya hana ta taka gidan ubanta ta ji daga bakinsa, tunda katanga ɗaya ce tsakani? Hmm! Rufaida 'yar fari ce. Shekararta ashirin da shida a duniya, Malam Dallatu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama sun yi hira ba. In ta durƙusa gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. In magana ta kama dole, sai ya ce, "A gaya wa yarinyar nan." Tun da aka yaye ta aka miƙa wa yayarsa Luba, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, Malam kuwa ya riƙe ta da hannu bibbiyu. Duk maganar da za ta je wurinsa ta bakin Gwaggo take bi, duk wadda za ta dawo ma ta nan take dawowa.

Bayan la'asar wayarta ta yi ƙara. Tajuddeen ne.

"Malama, kin ga hotunan da na turo?"

Muryarsa cike da murna, shi ya ƙara karya mata zuciya. Tajuddeen ɗan Tofa ne. A wani gidan burodi na Bagwai ya fara aiki yana shafa wa gwangwani mai, daga nan ya gangara Legas, yau shekara bakwai. Allah ya sa wa hannunsa albarka, har ga shi manyan otal biyu, tsofaffi tun na zamanin Turawa, kowanne yana so ya zo ya riƙe masa gashin burodi.

"Na gani," ta ce a hankali.

"To bari in yi miki bayani, don sunayensu na Turanci sai su karya miki harshe. Na farkon ni Farin Gida nake ce masa. A bakin teku yake, Rufaida, ruwa har gindin katanga. Ginshiƙai farare, matakala ta katako tana ƙyalli, in kin taka sai kin ji kunyar takalminki. Can shugaba za su ba ni kai tsaye, da ɗaki da falo a baya, taga tana kallon ruwa."

"Ɗayan fa?"

"Gidan Agogo. Ya fi wancan tsufa. A cikin tsohon gari yake kusa da tashar jirgin ƙasa, jan bulo, da hasumiya mai agogo, har yau yana bugawa. Bishiyoyin mangwaro a tsakar gida. Tanderunsu na bulo ne, ya girmi kakana. Amma can mataimaki zan zama, a ƙarƙashin wani tsoho, sai ranar da ya ajiye. Litinin suke jiran amsa, su duka biyun."

"Kai wanne kake so?"

Ya yi dariya. "Ba zan ɓoye miki ba, raina yana Farin Gida. Amma ni kicin zan wuni, ke za ki zauna a gidan. Wanda kika zaɓa shi ne, na rantse ba zan ƙara ko kalma ba."

Nan kukan da take dannewa ya ƙwace.

"Subhanallahi! Rufaida, me ya faru?"

"Baba ya ce a'a. Lahadi mutanen Badaru za su zo."

Can ya ce, "Daga bakinsa kika ji?"

"Ka fi kowa sanin ba ya yi mini magana."

"Na sani." Muryarsa ta fara rawa. "Ni ba zan ce ki saɓa wa mahaifinki ba, Allah ya kiyaye. In da bakinsa ya ce bai yarda da ni ba, zan haƙura, ko da haƙurin zai kwantar da ni. Amma don Allah kada a binne ni da saƙon baka. Shekara uku ina jiranki. Duk burodin da na gasa a garin nan, ke nake tunawa."

"Ka daina, don Allah ka daina."

"Ba zan daina ba. Ina son ki, kuma ban iya son wata ba."

Ta kashe wayar ta kifa kai a gwiwa. Wallahi ko ni da nake ba da labarin nan sai da na tausaya musu.

* * *

Ranar Alhamis tana dawowa daga makaranta, farar mota ta sha gabanta a daidai injin niƙa. Badaru ne, mai shagon taki da maganin feshi a kasuwar Bagwai, ɗan ƙanin mijin Gwaggo marigayi. Ba mugu ba ne, a gaskiya. Matsalarsa ɗaya, bakinsa ba ya riƙe ruwa.

"Ranki ya daɗe, a shigo in ƙarasa da ke."

"Na gode, ai na kusa."

"Kullum kin kusa." Ya fito ya jingina da mota yana gyara hula. "Rufaida, ni fa a ƙasa nake, kowa ya san shagona, kowa ya san gonata. Ɗakin ma na sa an yi masa fenti, ruwan ganye, an ce shi kike so. Me za ki je yi Legas wurin mutumin da yake kwana cikin kwalaben giya?"

Ta ɗago ta dube shi. "Wa ya ce maka yana kwana cikin kwalabe?"

"Direbana mana, wanda yake kai mini albasa can. Shi Gwaggo ta kira ta tambaya, ya ce duk otal ɗin Legas halinsu ɗaya."

"Direbanka ya san Tajuddeen?"

"Sai ya san shi? Otal ai otal ne."

Ta wuce shi da sauri, yana ta kiran "Malama, Malama," ko waige.

A madafa ta sami Gwaggo tana hura wuta.

"Gwaggo, me ya sa kika tambayi direban Badaru labarin Tajuddeen?"

Gwaggo ta ci gaba da fifita. "To wa zan tambaya? Wa na sani a Legas? Babanki ya ce a bincika, na bincika."

Rufaida ta durƙusa a gabanta. "A bincika ya ce, ko a'a ya ce?"

Mafici ya tsaya a hannun Gwaggo.

"Na kai masa abin da na ji, ya yi shiru. Shirun Dallatu kuwa na san shi tun ina goya shi."

"Ashe bai ce a'a ba."

"Ke, kada ki tsare ni da ido kamar alƙali!"

"Gwaggo, kwana uku ban ci abincin kirki ba. Kina gani. Kina ji ina kuka kina ce mini ƙaddara."

Sai ga hawaye a fuskar tsohuwa. Ta jefar da maficin ta kama hannuwan Rufaida duka biyu.

"Ni na goya ki. Ni na tauna miki abinci. Da ƙyanda ta kama ki ni na kwana bakwai a zaune. Ba ni da kowa, Rufaida, ke kaɗai ce. Gidan Badaru ga shi nan, in na yi tari za ki ji. Legas kuwa? In na faɗi a banɗaki sai an yi kwana biyu a mota kafin ki zo ki ga gawata."

"Gwaggo, ki daina faɗar haka."

"Ƙarya na yi?"

Rufaida ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka, hayaƙi yana cika madafa ba wanda ya kula. Haushin da ta shigo da shi duk ya narke, tausayi ya maye gurbinsa. Amma tausayi daban, aure daban.

"Ba zan yar da ke ba har abada," ta ce tana share mata fuska da bakin mayafi. "In kin yarda, ƙafata ƙafarki. In ba kya son Legas, duk hutun makaranta a ɗakin nan zan yi shi. Amma ba na son Badaru, Gwaggo. In na aure shi don ke, wata rana zan dube ki in ji haushi, ni kuwa ba na son ranar nan ta zo."

Gwaggo ta ja majina ta kawar da kai. "To ni ba zan koma wurin Dallatu in ce na yi ƙari a magana ba. Da girmana."

"Ni zan je."

"Ke?" Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ki tsaya gaban Dallatu ki yi masa maganar aure? Lallai zamani ya zo ƙarshe. Je ki, in ƙafarki za ta kai ki."

* * *

Asabar da hantsi ta ɗauki hanya. A gida ba zai yiwu ba, zaure cike yake da mutane kullum. Gona kaɗai ake samun Malam shi ɗaya, gonar albasarsa ta noman rani, a gefen babbar hanyar ruwan da ta taso daga dam ɗin Watari.

Rabonta da wajen nan tun tana ƙarama. Tun daga nesa da ta jiyo ƙarar ruwan tsoro ya kama ta. Rufaida ba ta son ruwa mai yawa, ko gada za a hau a mota runtse ido take yi, kuma ba ta taɓa gaya wa Tajuddeen ba don kada ya yi mata dariya. An ce mata tana shekara huɗu ta taɓa faɗawa ruwa, wani mai wucewa ya cire ta. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Ga Malam can a tsallake, ya naɗe wando, yana buɗe wa fangalin albasa ruwa da fartanya. Tsakaninta da shi sai wani siririn katako da aka gitta. Ta matsa bakin ruwan, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon.

"Ja baya!"

Tsawar ta sa ta kusa zubewa. Malam ya yar da fartanya, ya tako katakon nan da gudu kamar ba dattijo ba, bai tsaya ba sai da ya ga ta koma gindin wata tsamiya nesa da ruwan. Yana haki. Sai kuma ya tuna ko wace ce, ya juya mata gefe yana kallon gonar maƙwabci.

Ta durƙusa. "Ina kwana, Baba."

"Lafiya." Ya yi gyaran murya. "A gaya wa... a ce me ya kawo mutum nan?"

Babu wanda za a gaya wa. Daga shi sai ita, sai wani jaki da aka ɗaure yana cin ciyawa.

"Baba, ka yafe mini. Na san ban kyauta ba da na zo. Amma gobe za a zo neman aurena, kuma ban ji daga bakinka ba. In ka ce Badaru, wallahi zan bi, ba za ka ji bakina ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka san gaskiyar wanda za ka ƙi kafin ka ƙi shi."

Bai ce ta ci gaba ba, bai kuma ce ta tashi ba. Sai ta ci gaba. Ta faɗi gidan su Tajuddeen a Tofa, da gidan burodin Bagwai, da shekara bakwai a Legas. Ta faɗi wanda aka tambaya a binciken. A nan ne ta ga gemun Malam ya motsa.

"Direban Badaru?"

"Shi, Baba."

"Ikon Allah. An aiki kura ta duba lafiyar akuya." Ya girgiza kai. "Yaya Luba ke nan."

Ta ciro wayar ta miƙa da hannu biyu, kanta a ƙasa. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓa, ya nisanta ta da ido irin na wanda ya bar tabarau a gida.

"Wannan ai tanderu ne."

"Shi ne aikinsa. Tun kafin asuba yake kwaɓa fulawa."

"Ana shan giya a gidan?"

Ƙarya ɗaya za ta wadatar, amma ba ta zo nan don ta ƙara wata a kan ta Gwaggo ba.

"Ana sha, Baba. Duka biyun akwai ɓangaren da baƙi suke sha. Shi dai ba ya taɓawa, ba ya ɗauka, ba ya zuba wa kowa. Ɓangarensa daban."

Malam ya daɗe yana kallon gonarsa. Ita kuwa ta gama sallamawa, hawaye suna ɗiga a ƙasa.

"Albasar nan," ya ce a hankali, "shekara talatin ina loda ta a mota zuwa kudu. Ban san tukunyar da take faɗawa ba. Abin da na sani, ban taɓa cusa ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu ba." Ya numfasa. "Da an ce mini babu giya, da na san an shirya mini magana. Zan tura ƙanena Zubair ya je Tofa, daga nan ya wuce Legas ya gani da idonsa, ya tambayi limamin da yaron yake bi salla. Haka ake bincike."

"Mutanen Badaru fa, Baba?"

"Yau zan aika a ba su haƙuri, su dakata. Ban yi wa kowa alkawari ba."

Rufaida ta toshe baki da mayafi. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

"An ce gida biyu ne?" ya tambaya, har yanzu gonar yake yi wa magana.

Ta matso a kan gwiwa, ta miƙa yatsa tana tura masa hotunan. Ta nuna Gidan Agogo, da hasumiyarsa, da mangwaron tsakar gida. Ya ce, "Uhm." Ta nuna Farin Gida, ginshiƙai da matakala. Ya ce, "An kashe dukiya." Sai hoton ƙarshe ya fito, wanda aka ɗauka daga tagar ɗakin da za a ba su. Ruwa ne shuɗi, ba gaɓa, ba iyaka, ya haɗe da sama.

Malam ya ƙura wa ruwan ido.

"Wannan duka a bayan ɗaki?"

"Eh, Baba."

"Shi wanne yake so?"

"Wannan ɗin. Matsayin ya fi girma. Amma ya ce wanda na zaɓa."

"An zaɓa?"

Ita da ta yi niyyar ta ce Farin Gida don ta faranta masa, ta kwana ta tashi da ƙarar ruwa a kunne, ta haɗiye tsoronta har ƙarshen rayuwa.

Malam ya miƙo mata wayar ba tare da ya dube ta ba.

"A gaya masa mai agogon. Girma yana zuwa, tsohon nan ba zai dawwama ba."

"To, Baba." Sai ta yi ƙarfin halin da ba ta taɓa yi ba. "Me ya sa?"

Ta zaci ba zai amsa ba. Ya tsura wa hanyar ruwan ido, can wajen da ta yi kwana kusa da katakon.

"A wajen nan ne," ya ce. "Wata yarinya ta biyo masu kawo abinci, ba wanda ya lura. Wani mutum yana cikin albasa ya ɗago kai, sai ya hango ɗankwali ja yana tafiya a kan ruwa. Ɗankwali kawai." Ya nuna wajen da hannu. "Mutumin bai iya iyo ba. Ya dai faɗa. Ruwa ya ja su har waccan kwanar kafin na kama ƙafarta. Da na fito da ita ba ta numfashi. Na kifa ta a cinyata ina bugun bayanta, ina kiran sunanta, ina kira, ina kira, har ta yi amai."

"Baba... ai cewa aka yi wani mai wucewa ne."

"Ni na ce a faɗi haka."

Kuka ya ci ƙarfinta, irin wanda ba a iya rufe shi da mayafi. Shekara ashirin da biyu tana zaton mutumin nan ko kallonta bai cika yi ba. Malam ya sa bakin rawaninsa ya goge ido, ya ce ƙura ce, alhali ƙasar wajen a jiƙe take.

"Na tsamo ta sau ɗaya," ya ce. "Yanzu na tsufa, Legas kuma da nisa. In ruwan can ya ɗauke ta, wa zai faɗa ya tsamo ta?"

Ya juya ya hau katakon, a hankali wannan karon, ya tsallaka ya ɗauki fartanyarsa. Ruwa ya riga ya cika fangalin ya malala cikin na kusa, bai ko damu ba. Ya tsaya ya ba ta baya, bai sunkuya ba, bai ci gaba da aiki ba, sai da ya ji takunta ya yi nisa da bakin ruwan.